Babe Didrikson Zaharias: Tarihin rayuwarta

Mildred Ella Didrikson, wadda duniya ta fi sani da Babe Didrikson Zaharias, na daga cikin 'yan wasa mata da suka fi shahara a ƙasar Amurka cikin ƙarni na 20.

Ta yi fice a wasan ƙwallon kwando, da sofbol, da besbol, da guje-guje da tsalle-tsalle, kafin daga bisani ta zama zakara a wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

Sai dai yawan sauya wasan da ta riƙa yi ba na sha'awa ba ne kawai. A zamaninta da wuya a samu jami'ar da ke ɗaukar nauyin karatun 'ya mace saboda ta iya wasa, babu kuma wata tsayayyar gasa da mace za ta dogara da ita ta ci abinci.

Wannan ne ya sa ta shafe rayuwarta tana neman wasan da zai riƙe ta, har ta kai ga ita da wasu mata suka kafa gasar da kansu.

Asali da ƙuruciya

An haife ta ne a ranar 26 ga watan Yuni na shekarar 1911 a garin Port Arthur da ke jihar Texas, ko da yake daga baya ta riƙa rage shekarunta idan 'yan jarida suka tambaye ta.

Iyayenta, Ole da Hannah, baƙi ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Norway. Mahaifinta ya yi aikin jirgin ruwa kafin ya koma kafinta, mahaifiyarta kuma takan karɓi wankau domin taimaka wa gida. Ita ce ta shida cikin 'ya'ya bakwai, kuma rayuwar gidan hannu baka hannu ƙwarya ce.

A shekarar 1915 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa gaɓar tekun Texas, abin da ya sa iyalin suka koma garin Beaumont, inda ta girma.

Akwai ruwayoyi biyu game da laƙabinta. Ita dai takan ce yaran unguwa ne suka raɗa mata shi, suna kwatanta ta da shahararren ɗan wasan besbol Babe Ruth saboda ƙarfin bugunta. Wasu masu rubuta tarihinta kuwa sun ce sunan ya samo asali ne daga yadda mahaifiyarta ke kiranta tun tana jaririya.

Tun tana ƙarama ta fi son wasa da yara maza, domin a cikinsu ne take samun abokan gwada ƙarfi. Ta ba da labarin cewa ta koyi gudun tsallake shinge ne ta hanyar tsallake shukokin da maƙwabta suka killace gidajensu da su a kan titinsu.

A shekarar 1928 aka bai wa mata damar shiga guje-guje da tsalle-tsalle a gasar Olamfik ta birnin Amsterdam, karo na farko a tarihi. Labarin gasar da ta ji daga jaridun da mahaifinta ke karantawa shi ne ya cusa mata burin zuwa gasa ta gaba.

Kamfanin inshora a madadin jami'a

A yau, yarinyar da ta yi fice a wasan sofbol ko ƙwallon kwando a makarantar sakandare ta Amurka takan samu jami'o'i suna rububinta, su biya mata kuɗin karatu domin ta buga musu wasa.

A shekarar 1930 babu wannan hanya. Kamfanonin kasuwanci ne ke riƙe da manyan ƙungiyoyin wasannin mata, suna ɗaukar 'yan wasa aikin ofis, su kuma suna tallata sunan kamfanin a filin wasa.

A farkon wannan shekara Kanar Melvin McCombs, na kamfanin inshora na Employers Casualty da ke birnin Dallas, ya ga wasanta a ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar sakandaren Beaumont. Ya yi mata tayin aiki a kan dala 75 a wata.

A lokacin tattalin arzikin Amurka ya riga ya durƙushe, miliyoyin mutane na rasa ayyukansu. Ta bar makaranta ta tafi Dallas, kuma ta riƙa aika wa iyayenta wani kaso mai tsoka na albashin.

A kan takarda ita akawu ce mai buga tafireta. A zahiri kuwa aikinta shi ne buga wa ƙungiyar kamfanin mai suna Golden Cyclones wasa. Sau uku a jere, daga 1930 zuwa 1932, ana sanya ta cikin zaratan 'yan wasan ƙwallon kwando mata na ƙasar baki ɗaya, kuma a 1931 ƙungiyar ta ci kofin ƙasa.

Idan kakar ƙwallon kwando ta ƙare, sai ta koma sofbol da guje-guje. Sofbol ɗan uwan besbol ne, wanda aka ƙirƙiro a birnin Chicago a 1887. Ƙwallonsa ta fi ta besbol girma, filinsa ya fi ƙanƙanta, mai jefa ƙwallon kuma yakan wurgo ta ne ta ƙasan kafaɗa zuwa ga mai bugu da kulki.

Ƙarfin damtsenta ya fito fili a 1931, lokacin da ta jefa ƙwallon besbol har nisan ƙafa 296, wato kimanin mita 90, bajintar da babu macen da ta taɓa yin irinta a gasa kafin nan.

Ƙungiya mai mutum ɗaya

Ranar da ta ɗaukaka sunanta ita ce 16 ga watan Yuli na 1932, a garin Evanston na jihar Illinois. A nan aka gudanar da gasar ƙasa ta ƙungiyar AAU mai kula da masu wasan sha'awa, wadda kuma da ita ce za a zaɓi masu wakiltar Amurka a gasar Olamfik.

Kanar McCombs ya tura ta ita kaɗai a matsayin ƙungiyar kamfaninsa. Cikin wasanni 10 da aka shirya, ta shiga 8, tana gama wannan tana rugawa wancan, duk cikin yini guda.

Ta zo ta ɗaya a biyar daga ciki: jifan mashi, jifan dalma, jifan ƙwallon besbol, dogon tsalle, da gudun tsallake shinge na mita 80. A tsallen sama kuma suka yi kunnen doki da Jean Shiley.

Da aka haɗa maki, ita kaɗai ta samu 30. Ƙungiyar da ta zo ta biyu, ta mata daga jihar Illinois, ta zo da 'yan wasa 22 ta kuma tashi da maki 22.

Gasar Olamfik ta 1932

Makonni biyu bayan haka aka buɗe gasar Olamfik a birnin Los Angeles. Wasanni shida kacal aka ware wa mata a ɓangaren guje-guje da tsalle-tsalle, kuma ba a yarda mace ta shiga fiye da uku ba.

Ta ci lambar zinare a jifan mashi da jifa ta sama da mita 43. Ta sake cin wata a gudun tsallake shinge na mita 80 cikin daƙiƙa 11.7, wanda ya zama sabon tarihi a duniya, bayan ta sha da ƙyar a hannun 'yar ƙasarsu Evelyne Hall.

A tsallen sama ta sake haɗuwa da Jean Shiley, dukansu suka tsallake mita 1.65. A zagayen raba gardama alƙalai suka yanke hukuncin cewa kanta na riga jikinta tsallake sandar, abin da dokar lokacin ta hana. Aka bai wa Shiley zinare, ita kuma azurfa. Bayan 'yan shekaru aka soke wannan doka.

Da ta koma Dallas, dubban jama'a suka fito tarbarta, kamfanin dillancin labarai na AP kuma ya zaɓe ta gwarzuwar 'yan wasa mata ta shekarar.

Amma ba kowa ne ke ƙaunarta ba. Mace ce mai cika baki, wadda ba ta jin nauyin shaida wa abokan karawarta tun kafin a fara wasa cewa ita za ta ci. Wannan hali ya sa da dama daga cikin 'yan tawagar Amurka suka riƙa fatan a kayar da ita.

Shekarun yawo

Lambobin zinare ba su kawo mata abin rufin asiri ba. A watan Disamba na 1932 ƙungiyar AAU ta dakatar da ita saboda sunanta ya fito a tallar motar Dodge, alhali doka ta haramta wa mai wasan sha'awa cin kuɗi da sunansa. Ko da yake an janye hukuncin, ta zaɓi ta koma wasan neman kuɗi.

Matsalar ita ce babu gasar kuɗi ta mata da za ta shiga. A 1933 ta hau dandamalin wani gidan nishaɗi a Chicago, tana waƙa da busa tana nuna salon gudu. Daga nan ta zagaya ƙasar da wata ƙungiyar ƙwallon kwando mai ɗauke da sunanta.

A watan Maris na 1934, lokacin atisayen share fagen kaka, ta zama kallabi tsakanin rawuna a wasan besbol na maza. Ta yi wa ƙungiyar Philadelphia Athletics jifa na zagaye ɗaya a karawarsu da Brooklyn Dodgers, sannan ta yi wa St. Louis Cardinals a karawarsu da Boston Red Sox.

A wannan shekara kuma ta bi ƙungiyar House of David, wadda 'yan wasanta maza suka shahara da barin dogon gemu, suna yawo gari-gari. Ta samu kuɗi, amma 'yan kallo na zuwa ne su ga abin mamaki, ba gasa ta gaskiya ba.

Wasu marubuta labarin wasanni, ciki har da Paul Gallico, suka sa ta gaba da ba'a a kan siffarta da gajeren gashinta, suna nuna cewa macen da ke irin wannan wasa ta fita daga sahun mata. Wannan suka ta yi mata ciwo, ta kuma yi tasiri a kan yadda ta riƙa bayyana a gaban jama'a daga baya.

Komawa wasan golf

Shahararren marubucin wasanni Grantland Rice, wanda ke cikin masu yaba mata, shi ne ya gayyace ta buga golf tare da wasu 'yan jarida a lokacin gasar Los Angeles. Golf na cikin 'yan tsirarun wasannin da jama'ar Amurka ba su ga aibin mace ta buga ba.

Ta rungumi wasan da gaske. Ta ba da labarin cewa takan yini tana buga ɗaruruwan ƙwallaye har tafin hannunta ya yi kanta ya fashe, ta ɗaure shi ta ci gaba.

A 1935 ta ci gasar mata ta jihar Texas. Ba a jima ba hukumar golf ta Amurka, USGA, ta yanke hukuncin cewa tunda ta ci kuɗi a wasu wasannin, ba za ta sake shiga gasar masu wasan sha'awa ba. A lokacin kuwa kusan dukkan manyan gasannin mata na masu sha'awa ne, galibinsu matan masu hannu da shuni, waɗanda wasunsu ba su so 'yar kafinta ta shigo cikinsu ba.

A watan Janairu na 1938 ta shiga gasar maza ta Los Angeles Open, inda aka haɗa ta rukuni ɗaya da George Zaharias, wani ɗan kokawa mai asali da ƙasar Girka. A ranar 23 ga watan Disamba na shekarar suka yi aure a birnin St. Louis, ya kuma zama manajanta.

Dukiyar mijin ce ta ba ta damar bin sharaɗin USGA: shekara uku ba tare da karɓar ko kwabo daga wasa ba. A 1943 aka mayar mata da matsayinta.

A wannan shekara ce aka kafa wata gasar kuɗi ta mata a yankin tsakiyar Amurka, wadda ta fara da dokoki masu kama da na sofbol, saboda maza da yawa sun tafi Yaƙin Duniya na Biyu. Gasar ta zo mata a makare, kuma ta rushe a 1954.

Zarra a filin golf

A 1945 ta sake karawa da maza a gasannin Los Angeles, Phoenix da Tucson, ta kuma tsallake zagayen da ake tankaɗe 'yan wasa. A 2003 Annika Sorenstam 'yar ƙasar Sweden ita ma ta shiga babbar gasar maza ta PGA.

A 1946 ta ci gasar mata masu wasan sha'awa ta Amurka. A 1947 ta je garin Gullane na Scotland ta ci takwararta ta Birtaniya, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta ɗauki wannan kofi.

Ita da mijinta sun riƙa cewa ta ci gasa 17 a jere a tsakanin waɗannan shekaru biyu, amma masu bincike da suka bi diddigi daga baya sun gano cewa an taɓa doke ta a tsakani, don haka adadin bai kai haka ba.

A 1947 ta sake komawa wasan kuɗi. Har a lokacin gasannin mata ba su taka kara sun karya ba. A 1950 ita da wasu mata 12, ciki har da Patty Berg da Louise Suggs, suka kafa ƙungiyar LPGA ta mata masu sana'ar golf.

A shekarun farko 'yan wasan da kansu ke tuƙa motocinsu daga gari zuwa gari, su shirya fili, su tallata gasa. Sunanta ne ke jawo 'yan kallo da masu zuba kuɗi, kuma ta san haka, har takan nemi a biya ta kuɗi na musamman kafin ta halarta, abin da ya riƙa haddasa tsamin dangantaka tsakaninta da sauran.

A 1950 ta lashe dukkan manyan gasanni uku na mata da ake da su, kamfanin AP kuma ya zaɓe ta 'yar wasan da ta fi kowace mace a rabin farko na ƙarnin. A jimlace ta ci manyan kofuna 10, da gasanni 41 da LPGA ke lissafawa.

Jinya da komawa fili

A watan Afrilu na 1953 likitoci suka gano tana da ciwon daji a babban hanji. Aka yi mata tiyata a Beaumont, aka cire ɓangaren da ya kamu, aka buɗa mata wata kafa a ciki wadda bayan gida ke fita ta nan zuwa cikin wata jaka da ake ɗaurawa a jiki.

A wancan zamani Amurkawa da yawa ba sa ko ambaton sunan cutar, mai fama da ita kuma yakan ɓoye. Ita ta yarda a bayyana wa jama'a abin da ke damunta da irin aikin da aka yi mata.

Wadda ta yi jinyarta ita ce Betty Dodd, wata matashiyar 'yar wasan golf daga San Antonio, wadda ta zauna tare da iyalin a shekarun ƙarshe na rayuwarta. A lokacin dangantakarta da mijinta ta yi rauni, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Mutane ƙalilan ne suka yi zaton za ta sake buga gasa. Kimanin wata uku da rabi bayan tiyatar ta fito a wata gasa a Chicago.

A 1954 ta ci gasa biyar. Mafi girma ita ce US Women's Open, wadda aka yi a watan Yuli a filin Salem da ke jihar Massachusetts. Ta buga ramuka 36 a ranar ƙarshe, ɗauke da jakar a jikinta, ta kuma ba wadda ta zo ta biyu ratar bugu 12. Wannan ne karo na uku da ta ci kofin, bayan na 1948 da 1950.

Ta riƙa ziyartar masu ciwon daji a asibitocin garuruwan da take wasa, tana fitowa a rediyo da talabijin tana kira ga jama'a su je a duba su da wuri. Ta kuma kafa gidauniyar tara kuɗi domin yaƙi da cutar.

Rasuwa da abin da ta bari

A 1955 ta ci gasa biyu, ta ƙarshe a garin Spartanburg na jihar South Carolina. A shekarar ne aka wallafa littafin tarihin rayuwarta mai suna This Life I've Led. Daga nan ciwon baya ya tsananta mata, aka gano cewa cutar ta dawo.

Ta rasu a ranar 27 ga watan Satumba na 1956 a wani asibiti da ke Galveston a jihar Texas, tana da shekara 45. Shugaba Dwight Eisenhower ya buɗe taronsa da 'yan jarida na wannan rana da yi mata ta'aziyya. An binne ta a Beaumont, inda aka gina gidan tarihi da sunanta.

Sau shida kamfanin AP na zaɓarta gwarzuwar shekara: 1932, 1945, 1946, 1947, 1950 da 1954. A 1999 ya ayyana ta 'yar wasan ƙarni na 20 a ɓangaren mata. A watan Janairu na 2021 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa mafi girma da ake bai wa farar hula, a rana ɗaya da Annika Sorenstam.

Hanyar da ta rasa a ƙuruciyarta ta buɗe ne shekara 16 bayan rasuwarta. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta haramta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. A sanadinta jami'o'i suka fara bai wa mata guraben karatu kyauta saboda wasa.

A 1982 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara shirya gasar sofbol ta mata, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta, inda Amurka ta ci zinare da tawagar da galibin 'yan wasanta suka fito daga jami'o'i.

Ƙungiyar LPGA kuwa, wadda mata 13 suka kafa, ta haura shekara 70 tana shirya gasa, kuma mata daga Asiya, Turai da sauran sassan duniya na cin abinci a cikinta.